Ragowar Kafso

A cikin motar danfo mai zuwa Agege Iliyasu ya fara ganin Mastura. Kwandasta ya zazzaga masa Yarbanci, ya yi zuru, sai ta juyo tana danne dariya.

"Cewa ya yi ka matsa. Kai baƙo ne, ko?"

Baƙo ne kuwa. Daga Gumel ya zo jami'a, ba shi da kowa a Legas, sai ya wuni bai yi Hausa da kowa ba. Daga ranar ya samu mai tambayar lafiyarsa.

"Ɗan ƙauyena, abeg ka karya kafin lakca," in ji saƙonta.

"To, Gimbiya. Ke kaɗai ce kika san ina garin nan."

Mahaifinta, Alhaji Sanda, mahauci ne. Bai kori Iliyasu ba, amma bai sakar masa fuska ba. Wata rana Iliyasu ya je gaishe shi, ya tarar wuƙa ta yanke shi a yatsa, wurin ya kumbura.

Tarihi fa Iliyasu yake karantawa, amma a hostel kowa likitan kansa ne. Mura kafso, ciwon ciki kafso, da an ji sauƙi a ajiye sauran. Neman shiga ya sa ya zaro ragowar nasa daga jaka.

"Baba, ba sai an je asibiti ba. Wannan yake kashe ƙwayar cuta."

Alhaji ya karɓa, tunda ɗan jami'a ne ya faɗa. Kumburin ya lafa, ya dawo da ƙarfi. Da aka je asibiti likita ta ce maganin bai dace da ciwon ba, kuma an makara. Aka yanke yatsan.

Saƙon Mastura ya shigo: "Kada ka kira ni. Ina sonka, amma ba zan iya kallon hannun Baba in saurari muryarka ba."

Legas ta koma masa yadda ya same ta, ga mutane fal, babu nasa. Kullum sai ya je asibitin ya zauna a benci. Mastura ta wuce shi da kwanon abinci, idanunta jajur, ba ta ko kalle shi ba.

Ranar sallama Alhaji ya tsaya a kansa.

"Me kake jira a nan?"

"Babu, Baba. Ɗakin ne ba ya zaunuwa. Ka yafe mini."

Alhaji ya dube shi.

"Kai ka ba ni, amma ni na haɗiya. Yarinyar nan ta daina cin abinci. Na rasa yatsa, ba zan zauna ina kallon 'yata tana ƙarewa ba. Ka turo manyanka."

Bayan Iliyasu ya gama karatu aka ɗaura aure a Agege. Ana shafa fatiha Alhaji ya miƙo masa hannu, yatsu huɗu. Iliyasu ya riƙe shi da hannu biyu, hawaye suka kece masa.

"Ya isa, ɗana," in ji Alhaji. "Allah ya yi muku albarka."