Maigadi Ɗaya

Jakar hannu, burodi biyu, lema, da kwamfutar tebur naɗe cikin zani. Abin da Morenike ta ɗauko ke nan daga Legas. Kwamfutar a cinyarta take, don ta ƙi yarda a sa ta a but. Sai da motar Ibadan ta wuce Shagamu sannan saurayin da ke gefenta ya yi magana.

"Jaririyar nan taki ba ta yi kuka ba tun da muka taso."

"Ba ta da lafiya," in ji ta. "Na kai ta wurin masu gyara a Ikeja, sun ce sai an goge komai."

"Me ke damunta?"

"Nauyi. Baba zai kunna ta bayan asuba, ya karya, ya yi wanka, ita ba ta gama buɗe ido ba."

Sunansa Folarin. Bai daɗe da dawowa daga karatu a Malesiya ba, yana kula da kwamfutocin wani asibiti a Bodija. Da ta ji haka ta dube shi sama da ƙasa.

"Ashe tokumbo ne kai, kayan waje da jirgi ya sauke."

Sunan ya bi shi daga ranar. Kafin su sauka ta gaya masa abin da ya hana ta yarda a goge. Muryar marigayiya mahaifiyarta ce a ciki, tana rera kirarin danginsu. Mahaifinta, Baba Oyelami, ya naɗa tun tana da rai, kuma ita yake saurare kowace safiya.

Ranar Asabar Folarin ya je gidansu a Oke-Ado. Morenike ta durƙusa ta gabatar da shi. Shi kuwa ya miƙa wa tsohon hannu.

Baba ya dubi hannun. Bai karɓa ba. A Ibadan yaro ba ya gai da babba a tsaye, kwanciya yake yi rub da ciki. Folarin ya san haka sarai, zaman waje ne ya riga shi miƙa hannun.

"Ga ta can," in ji Baba, ya nuna tebur da haɓa.

Da kwamfutar ta buɗe, Folarin ya fara kwashe muryar zuwa filashi da izinin Morenike, sannan ya duba ciwon. Manhajar kariya har huɗu ya tarar. Duk wanda ya zo neman Morenike sai ya nuna gwaninta a kan kwamfutar Baba, ya saka tasa ya tafi. Baba masu gadi yake kiransu.

"Baba, su ne ciwon," in ji Folarin. "Kowane ɗaya yana ganin ɗan'uwansa ɓarawo ne. Juna suke ta caje, babu mai kallon ƙofa. Biyu ma na bayan fage ne, ba sa sabuntuwa. Ɗaya za a zaɓa."

"Da me ake zaɓa?"

"Wanda ya fito daga hannun masu shi kai tsaye. Wanda yake sabunta kansa. Marar nauyi, tunda na'urar ta manyanta. Kuma wanda ba ya yawan ihu don a san yana aiki."

"Kai wanne ka kawo?"

"Ban kawo ko ɗaya ba."

Baba ya gyara zama. "Kyauta aka ba ni su. A gidan nan ba a mayar wa mutum kyautarsa. Bar su."

Folarin ya bar su. Da yamma saƙon Morenike ya shigo.

"Tokumbo, ka isa lafiya? Baba ya ce kana da tsawo. Ba yabo ba ne."

Ya amsa: "Na gane, Reni. Hannuna ya ci amanata. Yaushe zan sake ganin jaririya da uwar goyonta?"

"Jaririya tana barci. Uwar goyo tana fita kasuwar Dugbe ranar Talata."

Haka suka fara. Ba su da yawan magana. Yakan riƙe mata lema, ita kuma ta gyara masa Yarbancinsa da ya yi tsatsa. Wata rana a gaban mai gasa masara ya ce yana son turo manyansa.

"Da wannan bakin naka mai kama da na likita?" ta ce. "Sake faɗa a hankali."

"Ina son ki, Reni."

"To. Yanzu na ji."

Baba ne bai ji ba. Da ta kai masa maganar, ya ce yaron da bai san hanyar ƙasa ba ba zai san hanyar gidan surukai ba. Ya ƙara da cewa ga Lekan nan, ɗan amininsa Alhaji Salawu, wanda tun daga bakin ƙofa yake zubewa. Sai dai shi ma Lekan ɗin Baba bai ce masa e ba. Babu wanda ya taɓa ce wa e, babu wanda ya ce wa a'a.

Folarin ya sake zuwa gidan sau ɗaya, Baba ba ya nan. Yana zaune a falo sai ɗaya daga cikin masu gadin ya faso allon kwamfutar da sanarwa, ga sunan mai rajista ɓaro-ɓaro: Lekan, surukin Baba. Folarin ya karanta, ya sha ruwan da aka kawo masa, ya tafi. Ya daina rubuto saƙo.

Ta jira, sannan ta rubuta.

"Ko tokumbo ya koma jirgi ne?"

"Na ga an riga an yi rajista. Allah ya sanya alheri."

"Lekan ne ya rubuta wa kansa da yatsunsa. Ni ba a rajista ta a kwamfuta. Kai da ka yi karatu har Malesiya, sanarwa ce ta kore ka?"

Ya karanta, ya ajiye wayar.

Ana haka, wata safiya kwamfutar ta ƙi buɗewa sam. Baba ya karya, ya yi wanka, ya dawo ya zauna gabanta har hantsi. Morenike ta rubuta layi ɗaya: "Yau Baba bai ji Mama ba."

An kwana ana ruwa, barandar gidan duk laka. Folarin ya iso cikin farar shadda. Da ya hango Baba a bakin ƙofa bai tsaya neman busasshen wuri ba, ya kwanta rub da ciki, goshinsa a siminti.

Baba ya bar shi a nan ɗan lokaci.

"Ashe ka san hanya."

"Na sani, Baba. Mantuwa na yi."

"Tashi, kada a ce na kashe wa mutane ɗa da sanyi."

Folarin ya fito da filashin, ya haɗa da wayarsa. Muryar matar ta cika falon, tana jero sunayen kakanni. Baba ya saurara har ƙarshe, idonsa a kan taga. Morenike tana tsaye a bakin labule.

"Waɗancan huɗun," in ji Baba, "duk ihunsu, babu wanda ya tuna ya ajiye mini ita. Cire su. Ka sa wanda ka yarda da shi."

Folarin ya lallaɓa kwamfutar ta tashi, ya cire su ɗaya bayan ɗaya. Bai saka sabo ba. Wanda ya zo tare da na'urar tun asali ya kunna, ya sabunta shi. Kafin Morenike ta kawo shayi, kwamfutar ta riga ta buɗe.

Ana cikin haka mota ta tsaya a waje. Lekan ne, da sabon kwalin manhajar kariya a hannu, wai wannan ya fi na baya ƙarfi. Ya zube a baranda, sai dai ya zaɓi inda babu laka. Baba ya fita da kansa, ya sa masa albarka, ya ce ya gai da mahaifinsa, zai zo ya same shi su yi magana ta manya. Kwalin kuwa ya mayar masa a hannu.

Ya dawo ya dubi su biyun, ɗaya da tiren shayi, ɗaya da laka tun daga ƙirji har gwiwa.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya irin wanda na samu da uwarta."

Suka ce amin. Baba ya tura ƙofar ta rufu, ya sa sakata.

"Maigadi ɗaya ya ishi gidan nan. Folarin, ka ce wa manyanka su zo bayan Sallah."