Ƙyastun 'Yar Sarkin Baka

Inusa ya fara ganin Shatu ne yana durƙushe a sansanin mafarauta, a dajin Durum, yana ta ɓarnar ashana, wadda a can ake ce wa alimeti. Damina biyu ke nan gero bai yi ba a Tirmini, shi ya sa ya jingine hauya ya bi mafarauta, alhali ko zomo bai taɓa kamawa ba. Ita kuwa 'yar Mai Nasara ce, sarkin bakansu, ta fito tsinkar anza, abincin da yunwa ta koya wa mutane.

"Manomi, alimeti nawa ya rage maka?"

"Tsinke biyu."

"To adana su, ka ga yadda ake yi."

Ta kwance ƙyastu daga bakin zanenta, ta ɗora audugar rimi kan ƙanƙara, ta buga sau ɗaya, hayaƙi ya tashi. Inusa bai ga komai ba, don hannunta yake kallo.

Wata guda tana koya masa. Ya share ƙasa kafin ya hura wuta, ya ba iska baya, ya binne garwashi da rairayi kafin ya bar wuri. Yatsunsa duk suka farfashe, bai damu ba.

"Malamata, yaushe zan gama karatu?"

"Ranar da ka daina kallon malamar."

Da ya tura manyansa, Mai Nasara bai ɓata lokaci ba. "Ba na ba manomi 'yata. Ga Sha'ibu nan yana neman ta, shi da baka a hannu ya tashi."

Sai aka fita farautar kwana uku, aka rasa ko gada. Rana ta ukun, da hantsi, wuta ta tashi a kwarin da ya rage da busasshiyar ciyawa, inda awakin ƙauyensu Shatu suke samun na sawa a baki. Kafin azahar ya zama toka. Ba a yi dogon bincike ba, ai baƙo shi ne mai laifi.

Shatu ta sami Inusa a bakin rijiya.

"Na koya maka wuta don ka kashe awakin uwata?"

"Har da ke, Shatu?"

Ta juya ta tafi. Zagin mutanen gari bai yi masa zafin wannan ba.

Mai Nasara dai tsohon maharbi ne, ƙasa yake tambaya. Ya tona murhun Inusa, ya tarar da shi a binne, da sanyi. A ɗaya gefen kwarin kuwa, inda wutar ta faro, ga sawun Sha'ibu, wanda ya cinna wa ciyawa wuta don ya koro zomaye, iska ta juya masa. Sha'ibu ya tsere Kano. Babu wanda ya ba Inusa haƙuri. Awakin kuma suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da ta ƙarshe ta faɗi, Mai Nasara ya kira Inusa, Shatu na bayan dangar kara.

"Na ba ka ita. Amma kada ka ce don ka iya wuta ne. Ba ni da abin ciyar da ita. An ce ana rabon dawa a Damagaram, ku tafi."

Inusa ya yi godiya, ransa a ɓace. Ya so a ba shi ita don ya isa.

Shatu ta tare shi a ƙofar gida, idonta ya yi ja.

"Manomi, na zarge ka. Ka yafe mini."

"Na yafe, Malamata. Kin ji dai abin da ya ce."

"Shi ya faɗa. Ni ko rumbu cike yake, kai zan bi."

Aka ɗaura aure bayan la'asar, mutum bakwai, ba kiɗa, ba goro. Liman ya ce Allah ya ba su zaman lafiya, aka ce amin. Ya ce Allah ya kawo ruwa, amin ɗin ta fi ta farko ƙarfi, har da muryar ango.