Rimot a Ƙasa

A wani gari an yi wata yarinya gwanar ƙwallon gem. Dokarta guda ce: ba ta cin wanda ya ajiye rimot.

Wata rana tana bugawa da ɗan maƙwabtansu, wanda aka ci shi zai tashi. Sai babarsa ta kira shi, ya ajiye rimot ya ruga.

Yara suka ce, "Zura mana!"

Ta harɗe hannuwa ta ce, "Ba na cin wanda ya ajiye rimot."

Suka ce, "Za ki tashi fa!"

Ta ce, "In tashi ɗin."

Ya dawo ya ci ta. Ta tashi ana mata dariya, ko a jikinta.

Washegari suna bugawa, ita aka kira, ta ajiye rimot ta ruga. Yara suka ce, "Zura!" Yaron ya harɗe hannuwa yana jiranta.