Caji a Kan Caji

Ana saukowa daga sallar Juma'a waya ta shigo ofishin 'yan sanda na cikin birni, cewa an tsinci wata yarinya kwance cikin jini a shagon Alhaji Zailani da ke Ƙofar Galadima. Sufeto Dogara ya ture kwanon abincin da ya fara ci, ya ɗauki hularsa.

Kafin ya isa an wuce da ita asibiti. Sunanta Fauziyya, ita ce kashiyar shagon. Alhaji Zailani dillalin manyan riguna ne. Yana raba wa matan cikin gida aikin ɗinkin hannu, ya tattara ya kai Kano da Abuja, ladansu kuma ta banki ake tura musu.

Sufeto ya duba ƙofa, ba a fasa ta ba. Kuɗin ciniki na nan cikin durowa. A ƙasa ga gudumar itacen da ake bugun shadda da ita, da jini a bakinta. Cajar wayar Fauziyya na jone a bango, amma babu wayar.

Wanda ya tsallake kuɗi ya ɗauki tsohuwar waya, ba yunwa ce ta kawo shi ba.

"Alhaji, su wa ke da mukullin nan?"

"Ni, da ɗana Nabil, sai Malam Suhail manajana. In mun tafi masallaci takan kulle kanta a ciki."

"Ta yi rigima da wani?"

"Fauziyya? Ko yatsa ka sa mata a baki ba za ta ciza ba." Alhaji ya share zufa da bakin rigarsa. "Da safe dai ta roƙi in ara mata wayata, wai za ta duba saƙonnin banki."

"Me ya same su?"

"Banki ya cinye ni, Sufeto. Duk tura kuɗin da muka yi sai sun yanki caji, wani ƙarami, wani kamar kuɗin rago. Har sai da na rage wa masu ɗinki lada don in toshe ramin. Ta ɗauki hotunan saƙonnin da wayarta, ta ce ranar Litinin za ta je bankin da kanta."

"A gaban wa ta faɗa?"

"Duk muna nan."

Malam Suhail na tsaye a bakin ƙofa da carbi a hannu. Mutum ne mai sanyin murya, tun yana saurayi yake hidimar Alhaji. Ya ce a babban masallaci ya yi salla, can sahun baya saboda cunkoso.

"Wa ke tura kuɗi daga asusun shago?"

"Sai da 'yar na'urar da ke ba da lambar sirri, ranka ya daɗe. Tana hannun Nabil." Ya rage murya. "Ba na son in shiga tsakanin ɗa da uba. Amma yaron kwanan nan hannunsa a sake yake."

Nabil ya rantse a sahu ɗaya ya yi salla da mahaifinsa. Sufeto ya dube shi.

"Alhaji ya ce bai gan ka ba. Mai facin taya na bakin titi kuma ya ga ka nufi unguwar Kongo a babur tun kafin kiran salla."

Nabil ya sunkuyar da kai. "Wurin wata ɗaliba na je. Don Allah kada Baba ya ji."

"Ina na'urar?"

"Ni fa ban cika riƙe ta ba. A durowar shago nake barin ta."

Ke nan duk mai mukulli yana iya kai hannu gare ta.

A asibiti likita ya ce Fauziyya ba ta farfaɗo ba, kuma ba zai yi alkawarin komai ba. Mahaifiyarta Mero na zaune a benci, ta ƙanƙame mayafin 'yar.

"Ina cikin masu yi wa Alhaji ɗinki," in ji ta. "Ido ya kusa ƙarewa a kan allura, sai aka ce an rage lada, wai banki. Fauziyya ta ce, Inna, abin nan da lauje cikin naɗi. Na ce ta yi shiru ta riƙe aikinta. Ba ta ji ba."

Asabar da Lahadi suka wuce yarinya na kwance. A unguwa kuwa zance ya bazu cewa ɗan Alhaji ne, har wasu samari suka jefi ƙofar gidan. Sufeto ya san in bai yi sauri ba za a yanke wa Nabil hukunci a titi.

Ranar Litinin ya shiga bankin da takardar kotu da wayar Alhaji. Wata jami'a mai suna Radiya ta buɗe asusun a kwamfuta, ta bi jerin kuɗin da aka cire.

"Waɗannan ƙananan namu ne," ta ce. "Duk wanda ya tura kuɗi muna cire masa ɗan abu kaɗan, da harajin da ke kansa. Amma manyan nan ba mu muka cire ba."

"An rubuta caji a jikinsu."

"Mai turawa yana iya rubuta duk bayanin da ya ga dama. Duba nan, Yallaɓai. Bayan kowane babba, ga ɗan ƙarami ya biyo shi. Banki ba ya ɗora caji a kan cajinsa. In ka ga ƙaramin ya biyo baya, to kuɗi aka tura wa wani."

"Wa?"

Ta nuna masa lamba. Asusun na wani bankin waya ne, da sunan kamfanin da ba wanda ya taɓa ji. Gano mai shi sai an yi rubuce-rubuce, abin da zai ci makonni.

Sufeto ya kwafi lambar a wayarsa. Ba shi da makonni.

Bayan la'asar ya tara Alhaji da Nabil da Malam Suhail a shagon, ya sa wani kofur ya tsaya a ƙofa.

"Kowa ya ajiye wayarsa a kan tebur."

Alhaji ya ajiye tasa. Nabil ma ya ajiye. Malam Suhail ya ajiye wata mai fasasshen gilashi.

"Ita ke nan, Malam?"

"Ita kaɗai Allah ya ba ni."

"To madalla. Alhaji, ba banki ke cin kuɗinka ba. Wani ne ke tura su asusunsa, ya rubuta caji a kai. Fauziyya ta gane, shi ya sa aka buge ta."

Alhaji ya juya ya zuba wa ɗansa ido.

"Ga lambar asusun a hannuna," in ji Sufeto. "Zan tura masa naira ɗari yanzu. Kowa ya yi shiru."

Ya danna. Shagon ya yi tsit, har ana jin ƙarar keken ɗinki daga maƙwabta. Wayoyin da ke kan tebur ba wadda ta motsa. In mutumin ya bar wayar a gida, ya tona shirinsa a banza.

Sai wani ɗan gurnanin waya ya taso daga ƙarƙashin babbar rigar Malam Suhail.

Carbin ya tsaya a hannunsa.

"Fito da ita," in ji Sufeto.

"Ta wani ce ya ba ni ajiya."

"Buɗe ta."

Kofur ya matso. Suhail ya ɗora babban yatsansa a gilashi, waya ta buɗe. Saƙon naira ɗari na saman sauran.

Alhaji ya dafa tebur. "Suhail? Kai da na aurar da kai?"

Suhail ya zauna a kan ɗaurin shadda.

"Tun ina saurayi kake cewa za ka buɗe mini shagona. Gashi ya yi fari, sai ka miƙa wa Nabil na'ura, yaron da a gabana ya girma. Rannan na ga saƙo ya shigo, ka zagi banki ka mai da waya aljihu ba ka karanta ba. Sai na gwada kaɗan. Ba ka lura ba. Daga nan hannu ya saba."

"Ranar Juma'a fa?" in ji Sufeto.

"Na bari aka fara huɗuba na dawo. Na roƙe ta ta goge hotunan, na ce zan mayar a hankali. Ta ce ko ta rufa mini asiri a kan kuɗin Alhaji, ba za ta rufa a kan ladan uwarta ba. Ta juya za ta fita. Gudumar na kusa." Ya rufe fuska. "Wayar na jefa ta kwatar bayan layi."

Kofur ya sa masa ankwa. A waje jama'a sun cika titi, cikinsu har da samarin da suka jefi ƙofar gidan Alhaji. Da suka ga wanda aka fito da shi, sai suka dare suka ba da hanya.

Ana sa shi a mota wayar Sufeto ta yi ƙara. Likita ne. Fauziyya ta buɗe ido, ta nemi ruwa, amma hannunta na dama bai motsa ba tukuna.

Sufeto ya faɗa wa Alhaji. Tsohon ya dubi ɗansa, wanda har yanzu ya ƙi haɗa ido da shi.

"Nabil, na zarge ka a raina. Ka yafe mini," in ji shi. "Ɗauko mota ka kai ni asibiti. Ban san da wace fuska zan kalli Mero ba, amma dole in je."