Maiƙo a Murfin Kula

Sau uku tana goga murfin kular abincin da soso, sau uku yatsanta yana zamewa.

Maiƙo ne. Fari, daskararre. Ita kuwa wata huɗu ke nan ba ta zuba wa abincin mijinta man da ya wuce cokali ɗaya ba.

Ta fito daga kicin da murfin a hannu. Yana falo yana cire takalmi, tef ɗin awo rataye a wuyansa, yadda yake tasowa daga shagon ɗinkinsa kullum.

"Telana... me ka ci yau?"

"Abin da kika ba ni mana, Malamata. Wake da ganye. Saura kaɗan in fara kukan akuya!"

Ba ta yi dariya ba. Ta miƙa masa murfin.

Tun ranar da likita ya ce kitse ya yi yawa a jininsa, yana neman toshe masa jijiyoyi, ta sauya girkinta. Kafin ta tafi makarantar da take koyarwa sai ta dafa wake, ta yanka kabeji da karas, ta haɗa masa da lemo da 'yar gyaɗa. Da yamma kular ta dawo fayau, a wanke. Yau ne kawai aka manta da murfin.

Ya sunkuyar da kai.

"Umma ce. Kullum da rana take zuwa shago. Sai ta rarraba wa maƙwabta abincinki, ta juye nata a kular. Soyayyen nama, ƙoda, hanta..."

"Kai kuma ka ci?"

"Zama take yi har sai na cinye."

"Amma ka rame! Wandunanka sun yi maka yawa, da idona na gani, har na yi ta murna..."

Ya naɗe tef ɗin a yatsa, ya warware.

"Ni na buɗa ƙugunsu. Inci biyu. Don kada ranki ya ɓaci."

Ta zauna a ƙasa. Sai yanzu ta gane dalilin da kullum ta yi maganar komawa gwajin jini yake cewa ɗinki ya yi masa yawa.

"Ka yi mini ƙarya da allura da zare," ta ce a hankali.

"Masoyiya, ke ina sonki, ita ta haife ni. Wa zan ce wa a'a?"

Washegari ta tafi gidan surukarta. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi bayani dalla-dalla kamar tana gaban aji.

Umma ta saurara har ƙarshe, sannan ta gyara zama.

"Kin gama? Shekara talatin ina suya a bakin titi, da ita na raine shi har ya zama mutumin da kika gani kika so. Yau ke za ki ce abincina guba ne?"

"Ban ce ba, Umma. Amma Baba ma haka ya yanke jiki ya faɗi a bakin..."

"Kwanansa ne ya ƙare! Kada ki ƙara sa mijina a bakinki. In girki ne ba ki iya ba, ki faɗa a koya miki. Ɗana ba zomo ba ne!"

Ta dawo gida idanunta sun kumbura. Ya riƙe hannunta, ya yi alkawarin zai yi wa Umma magana.

Gobe, in ji shi. Goben ta zo, ya ce jibi.

Mako uku bayan haka, tana tsakiyar rubutu a allo, wayarta ta yi ƙara. Aka ce mata mijinta ya kife a kan keken ɗinki. Umma tana zaune a gabansa lokacin.

A asibiti likita ya ce jijiya ce ta toshe a ƙwaƙwalwa. Zai rayu. Amma ɓarin dama ya shanye, harshe ya karye.

Hannun dama. Hannun almakashi.

Kwana huɗu Umma tana zuwa ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ba ta shiga. A rana ta biyar ta shigo, rungume da kular nan. Ta tsufa a cikin kwanakin, har ɗankwalinta ya karkace ba ta sani ba.

Malama ta miƙe ta tsaya tsakaninta da gadon.

"Umma, don Allah..."

"Buɗe ki gani, 'yata."

Ba ta taɓa kiranta haka ba.

Ta buɗe. Wake ne da ganye. Waken ya dahu har ya narke, ganyen ya yi baƙi. Matar da ta yi shekara talatin a gaban kasko ba ta san yadda ake dafa abu babu mai ba.

"Sa yatsa a murfin," in ji Umma. "Duba da kyau."

Ta shafa. Babu komai sai tururi.

"Ban iya ba. Ki koya mini."

Malama ta ajiye murfin. Ta ja mata kujera kusa da gadon, ta saka mata cokali a hannu.

Ya buɗe baki da ƙyar ya karɓi loma. Rabi ya zubo ta gefen da ya mutu, Umma ta share da bakin mayafinta. Hannunsa na hagu ya lalubo na matarsa a kan zanin gado, ya damƙe.

Leɓɓansa suka motsa. Ta sunkuya, ta kai kunnenta.

"Ma... la..."

Sauran sunan bai fito ba.

"Na ji, Telana," ta ce. "Ci abincinka."