Shatin Kofi a Teburin Graciela

Ana yayyafi da hantsi aka kira ofishin 'yan sanda, aka ce an tsinci gawar wani dattijo a unguwar Cordón ta Montevideo, babban birnin ƙasar. Insfekta Eladio Barreiro ya maƙale filas ɗinsa a hammata, shi da Saja Mirta Techera suka kama hanya.

Mamacin shi ne Don Amílcar Ferrés, tsohon mai gyaran kayan katako. A zamaninsa, duk wanda ya gaji kabad ko tebur irin na art deco, masu lanƙwasassun kusurwoyi da hannayen ƙarfe masu sheƙi, wurinsa yake kaiwa. Tsufa ya ajiye shi, mantuwa kuma ta kama shi, har sunan matarsa yakan ɓace masa.

Suka same shi kwance a wani ƙaramin ɗaki, ƙeyarsa ta bugi ƙarfen gado. Akwai matashi a ƙarƙashin kansa, da dunƙulen tsumma a hannunsa.

"Ɓarawo ba ya sa wa mutum matashi, ranka ya daɗe," in ji Techera.

Barreiro ya shaƙi iska. Ɗakin yana warin sifirit, irin na goge katako. Ya duƙa kan wani teburin kwalliya mai zagayayyen madubi. An shafe samansa da sabon man ƙyalli, bai ma gama bushewa ba. A gefen dama akwai shatin gindin kofi, ɗaya kan ɗaya, sun lotsa cikin ɗanyen man.

Matar mamacin, Doña Ofelia, tana zaune a falo, hannayenta a cinya.

"Ina kike lokacin da abin ya faru, Doña?" in ji Barreiro.

"Kasuwa na je, ɗana. Na dawo na tarar da shi haka."

"Wani ya shigo yau?"

"Bentancur, dillalin tsofaffin kaya. Ya daɗe yana maitar teburin nan."

Suka sami Bentancur a shagonsa, tsakanin agogunan da ba sa tafiya. Irin mutanen nan ne da ke zuwa gaisuwar mutuwa suna ƙiyasta kujerun gidan da ido.

"Ni? Rabona da gidan tun bara!" in ji shi da suka tambaye shi.

"To lemar da ke bayan ƙofarsu mai sunan shagonka, da ƙafarta ta je?" in ji Techera.

Ya sosa ƙeya. "To, na je da safe. Neman halal laifi ne? Tsohuwar ta kore ni kamar kare. Ta ce ko gawarta ba za ta sayar ba. Kuma tebur ɗin ma da aibinsa."

"Wane aibi?" in ji Barreiro.

"Farin tabo, a dama. Kofi mai zafi aka ɗora ya ci man. Na nuna wa Don Amílcar da yatsa, na ce, maigida, kai da ka gyara na duniya, ka bar wannan a gidanka? Wasa nake yi, wallahi."

"Me ya ce?"

"Ya ƙura wa tabon ido kawai, kamar yau ya fara ganinsa."

Barreiro ya duba teburin nan da kyau ɗazu, kuma babu wani farin tabo a kansa. Ruwa ba ya tsami banza.

Suka koma gidan. Barreiro ya wuce kicin kai tsaye. Jakar cefane tana rataye a ƙusa, a bushe ƙamas, babu ko albasa a ciki, alhali tun asuba ake yayyafi. A kan kanta ya ga wani tsohon kofi mai bakin zinariya. Ya ɗaga shi, gindinsa ya manne masa a yatsa.

Ya kawo shi falo ya ajiye a gaban Doña Ofelia, ya ja kujera ya zauna. A shekarunsa na aiki ya titsiye 'yan fashi da masu kisa bai ji komai ba, amma yau ya rasa ta inda zai fara.

"Doña, ba ki je kasuwa ba. Kofin wa ne wannan?"

Ta jawo kofin jikinta.

"Na Graciela ne. 'Yarmu. Ita kaɗai muka haifa."

"Tana ina?"

"Kai ne ɗan sanda, kai za ka gaya mini." Ba da faɗa ta faɗe shi ba. "Zamanin mulkin soja, sojoji suka zo da safe. Tana taje kai a gaban madubi, tana shan madara da gahawa. Ubanta ya sha yi mata faɗa kada ta ɗora abu mai zafi a kan katako. Da suka buga ƙofa ta dire kofin a nan, ta ce, Mama, yanzu zan dawo. Fiye da shekara ashirin ke nan. Ba gawa, ba kabari. Tabon nan kaɗai ta bar mana."

Techera ta juya fuska wajen taga.

"Amílcar da kansa ya hana a taɓa shi. Kakin zuma yake shafa wa teburin, ya kewaye wurin da ɗan yatsa. Rana ma ba ya bari ta taɓa shi. Yau ina wanke-wanke na ji warin sifirit. Na shigo na same shi yana murmushi. Ya ce, dubi, tsohuwa, wani sakarai ya ɓata tebur, na gyara. Ya manta da ita, ɗana. Ya manta 'yarsa, amma hannunsa bai manta aiki ba."

"Sai kika ture shi."

"Na ture shi. Tsumman kawai nake so ya saki. Ya yi baya, ya faɗi. Na sa masa matashi, na kira sunansa, shiru. Sai na dafa ruwa na zuba a kofin, na ɗora a wurin, na sake ɗorawa, na sake. Tabon ya ƙi fitowa. Mijina yana kwance a ƙasa, ni ina neman tabo."

Tausayi ya cika Barreiro har ya ji haushin rigar da ke jikinsa, don masu kaki ne suka fara shiga gidan nan, ga shi yau ma mai kaki ne zai fita da wadda ta rage. Amma doka ba ta san wannan ba.

"Sai mun tafi da ke ofis, Doña."

"Na sani."

Techera ta taɓa ankwa a ɗamararta, Barreiro ya girgiza mata kai. Doña Ofelia ta shiga ɗakin, ta ja labule, ta lulluɓe teburin da farin zane. Ta sa rigar sanyi, Barreiro ya miƙa mata hannu ta dafa.

A bakin ƙofa Techera ta zaro makulli za ta kulle. Tsohuwar ta riƙe mata hannu.

"Kada ki kulle, 'yata. Graciela ba ta tafi da makulli ba."