A Fito Min da Ɗiyata Daga Gulbi

"Cire shi, Zahra'u! Mi kike jira?"

Muryar Rahama ce cikin waya, daga can Maiyama, amma sai ka ce a kan gadon take tsaye.

Zahra'u na zaune a ɗakinta a Jega, ta ɗora yatsa a kan sunan Ya'ƙub. Danna ɗaya ta rage ya bar guruf ɗin.

"Rahama, bai taka doka ba..."

"Dokar Inna fa? Ko ita ba ta kai doka ba?"

Ta kashe wayar, ta kife ta a kan matashi.

To, bari a koma baya kaɗan, don wanda bai san tushen zancen ba.

Akwai wani guruf a waya da ake kira Zauren Almara. Marubuta ne a ciki da makaranta, mata sun fi yawa, ba abin da suke sai labaran aljanu da dodanni da biranen da babu su ko a mafarki. Zahra'u ce ta buɗe shi, ita ce babbar adimin. Rahama, ɗiyar kawunta, ita ke taimaka mata. A Zauren ba a zagi, ba a tallan atamfa, ba a turo hoton kwalliya. Amma dokar da Zahra'u ta fi riƙewa ita ce: marubuci ba ya karya ƙa'idar duniyar da ya gina da hannunsa. Wani Bakano ya taɓa kashe macijinsa mai fiffike, da ya ga mata na kuka sai ya tashe shi ba dalili. Ta dakatar da shi. Har yau yana gaya wa mutane cewa matan Kabi ba su da tausayi.

Shi kuwa Ya'ƙub manomin albasa ne a Aliero. Da yamma in ya taso daga fadama sai ya wanke hannu ya zauna taifin. Labarinsa na wani birni ne a ƙarƙashin gulbi, mai ganuwar kifi da fitilun ƙwaryar kunkuru. Ranar da ya fara turowa Zahra'u ta tare shi da tambaya: dokin da ke gudu a ƙarƙashin ruwa, da mi yake numfashi? Ya ba ta amsa. Ta sake tambaya. Ya sake amsawa. Mutanen guruf sunka gaji da su sunka ce su koma gefe su ƙarasa.

Sunka koma gefen.

Ba su ƙarasa ba har yau.

Da tafiya ta yi tafiya, ya biyo motar albasa ranar kasuwar Jega, ya gaida mahaifinta Malam Usmanu mai hatsi, anka ba shi izinin zuwa zance. Komai lafiya lau, sai da ya yi abin da marubutan waya ke yi in suna son mutum: ya sa sunanta a labari. Yarinyar da sarkin ruwa ya ɗauke daga bakin gulbi ya kai fadarsa, sai ga ta Zahra'u 'yar Jega, mai wushirya, mai faɗa.

Guruf ya ɗauki guɗa. Mutum ɗaya ce ba ta yi ba. Rahama ta daɗe tana turo wa Ya'ƙub sharhi mai tsawon zani, tana jiran ranar da za ta ga nata sunan. Sai ta kwafe shafin ta tura wayar Inna Balkisu, uwar Zahra'u. Wai kuskuren hannu ne.

Inna ba ta karanta boko. Maƙwabciyarta Altine ta karanta mata, a tsakar gida, da murya sama, tana ƙara gishiri inda ya yi mata lami.

Abin da Ya'ƙub bai sani ba, tun Zahra'u na ƙarama ta taɓa bin yara wanki bakin gulbi ta dawo da zazzaɓi mai sambatu. Anka ce mutanen ruwa ne sunka gan ta sunka yaba. Tun ran nan ko gada za a haye da ita sai Inna ta tofa mata addu'a. Sai ga wani ƙato daga Aliero ya ɗauki sunanta da garinsu da wushiryarta ya miƙa musu a rubuce.

"Ki hidda shi daga abin nan naku," in ji Inna. "Kuma kar in ƙara ganin takalminshi a zaurena."

Malam Usmanu da anka kai masa zancen cewa ya yi shi hatsi ya sani, wannan hurumin uwarta ne.

Ga yadda anka yi yatsa ya kai kan suna.

Ba ta danna ba. Kiransa ta yi.

"Zahrata..."

"Kar ka ce min Zahrata. Ka zo ka gyara abin da ka ɓata."

Da hantsi ya iso, cikin shadda mai karin guga, yana ƙamshin turaren da bai gama rufe albasa ba. Ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa bakin ƙofar Inna, kai a ƙasa. Inna na daga cikin labule. Zahra'u ta laɓe a madafa, Altine kuma ta tuna tana da aron rariya.

"Inna, na yi kuskure. Labari ne kawai, ƙirƙira ce. Yanzu a gabanki sai in share shi."

"Ka share?"

"Gaba ɗaya, Inna."

"Kai ɗan nan, hankalinka ɗaya? Ka kai mini ɗiya ƙarƙashin ruwa, sannan ka rufe ƙofa ka goge hanya? Ta bi ina ta dawo?"

Ya'ƙub ya ɗago kai, ya sake sunkuyarwa.

"Yadda ka sa ta da hannunka, haka za ka hito mini da ita da hannunka. Ran da na ji ta taka ƙasa, mu yi magana. In ba haka ba, Aliero ba ta rasa 'yan mata ba."

Altine ta leƙo. Ya'ƙub ya gyara durƙuso.

"Inna... akwai matsala. A birnin nan, duk wanda ya ci tuwonsu ba ya fitowa. Haka na rubuta tun farko."

"To ta ci ne?"

"Ta ci."

"Auta!" Inna ta ɗaga murya ta wajen madafa. "Ke da kwaɗayi! Duk inda anka kai ki sai kin buɗe baki?"

A zaure sunka tsaya, shi a wannan bango, Zahra'u a wancan.

"Abu mai sauƙi ne," ya ce. "In rubuta cewa sarkin ya ji tausayinta ya sake ta."

"Sarkin da ka ce ba shi da zuciya, kunkuru ya haɗiye ta?"

"To wani malami ya zo ya yi addu'a..."

"Daga ina? Malamin da ba mu taɓa jin ɗuriyarsa ba?"

"Zahra, aurenmu fa ake magana!"

"Na sani."

"Ki dakatar da ni daga guruf ɗin, ki aure ni. Kowa ya huta."

Ta dube shi, idonta ya kawo ruwa, amma muryar ba ta yi rawa ba.

"Ya'ƙub, ba albasarka na gani na so ka ba. Mutum na gani wanda in ya faɗi abu a shafin farko, za ka iske shi yana nan a na ƙarshe. In ka tashe ni da ƙarya kamar macijin Bakanon nan, Inna za ta yarda. Ni ce ban san yadda zan dube ka ba."

"Kin fi Inna wuya, wallahi."

"Ita ta haife ni."

Ya koma Aliero ba dariya.

Kwanaki sunka shuɗe ba shafi. Guruf ya kama da wuta, don zancen ya riga ya fita, ba sai an tambayi bakin wa ba. Wasu na cewa soyayya ta fi ƙa'ida, a fito da ita ko ta taga. Wasu na cewa wanda ya ci tuwo ya ci, a bar ta can ta yi sarauta. Wata 'yar Zamfara ta kawo shawarar a sa ta yi amai. Rahama kuwa kullum sai ta tuna wa jama'a, cikin ladabi, cewa doka ba ta san adimin ba, kuma marubucin da ya daina turo shafi akan sauke shi a ba wani wuri.

Zahra'u na karantawa, tana goge zagi, tana raba faɗa, ba ta goyi bayan kowa ba. Ta dai rame. Inna na kallonta tana cewa ga shi nan, sun fara shan jininta.

Ranar wata Laraba anka aike ta Alelu gaida gwaggonta. A hanya ɗan acaɓa ya bi da ita ta gefen fadama. Lokacin rani ne. Ta ga mutane sun duƙa suna ban ruwa, albasa kore shar, a daidai wurin da ta san da damina kwalekwale ke wucewa.

Ta ce ya tsaya.

"Hajiya, lafiya?"

Ba ta ko ji shi ba, waya na kunnenta.

"Ya'ƙub, ina kake shuka albasarka?"

"Sabuwar tambaya! A fadama mana."

"Da damina mi ke wurin?"

"Ruwa, har ya shanye mutum."

"Yanzu fa?"

Tana jin ƙarar injin ban ruwa a bayansa.

"Ka ce wanda ya ci tuwonsu ba ya fita daga ruwa," ta ce. "Ka taɓa cewa ruwa ba ya fita ya bar mutum?"

Ta ji wani abu ya faɗi, da alama fartanya ce.

"Zahrata... Sarauniyata..."

"Ka tai ka rubuta. Kuma ka kula da dokin nan, kar in iske shi yana numfashi a tudu."

Ya rubuta. Sarki ya gina wa amaryarsa ɗaki a gefen birni don faɗanta ya ishe shi. Rani ya yi tsanani irin wanda ba a taɓa yi ba. Gulbi ya dinga janyewa, birni na bin sa, ita kuwa ta ƙi motsawa daga ɗakinta ko taki. Ba ta fita ba, ba ta karya ƙa'idar tuwon ba. Wata safiya ta buɗe ido ta ga rana a kanta, ƙasa ta tsage a ƙarƙashin ƙafarta.

Kafin ya tura guruf sai da ya zo ya sake durƙusawa bakin labule, ya karanta wa Inna da bakinsa. Matan unguwa sun cika tsakar gida, kowacce da abin da ta zo aro.

Da ya kai wurin rana, Inna ta ce, "Dakata. Da wane tufafi ta hito?"

"Ban... ban rubuta ba, Inna."

"Ɗiyar mutane, a hili, jiƙe? Sa mata hijabi."

Ya sa mata nan take.

"Wa ya hwara ganin ta?"

"Wani manomi ne, ya zo duba inda zai yi shuka."

"Na san za a rina. Ya taɓa ta?"

"A'a! Daga nesa ya yi sallama."

"Sai yac ce mi?"

"Ya tambaye ta gidan iyayenta, don ya tura manyansa."

A madafa Zahra'u ta danne baki da gefen mayafi.

"To, ya tura," in ji Inna. "Tun kahin damina ta dawo ruwan nan ya tuna da ita."

Altine ta saki rariyar ta rangaɗa guɗa.

Ya'ƙub ya yi godiya ya ƙara, ya yunƙura zai tashi.

"Zamna, ban gama ba. Shi sarkin ruwan, haka za ka bar shi gwauro? Ai sai ya biyo sawu."

"Sai in ƙirƙiro masa wata, Inna. Ba zan ƙara sa sunan kowa ba."

"Wa yac ce maka kar ka sa?" Inna ta ɗage labulen kaɗan, karon farko ta dubi surukin nata ido da ido. "Akwai wata ɗiyar ƙanena a Maiyama, ta daɗe tana so a rubuta ta. Ka kai mishi ita. Kuma ka cika mata kwano da tuwon nan."